Filin Masu Karatu: Yaya Na'ura ke Auna Abin da Ido Ba Ya Gani?

Wasiƙun da suka taru a wannan wata sun karkata ga batu guda, wato awon wutar lantarki da ƙananan na'urorin nan da ake kira sensa, masu juya zafi ko haske ko bugun zuciya su zama lamba a kan gilashi. Na zaɓi guda biyar, na kuma taƙaita tambayoyin saboda ƙarancin fili, ina fatan masu su za su yi mini uzuri.

Daga wani magidanci a Gusau: Malam, tun da aka sa mini mitar kati yunit ɗina ke ƙarewa kamar ana kwasa, musamman idan wuta ta zo ba ƙarfi. Tsohuwar mita ina ganin faifanta yana juyawa da idona, wannan kuwa sai wani jan haske da ke ƙiftawa. Ta yaya take lissafi, kuma ta yaya zan gane ko tana cutata?

Alhaji, duk mai biyan kuɗi yana da haƙƙin ya san mudun da ake auna masa da shi, don haka tambayarka tana kan hanya. Mita abu biyu take lura da su: ƙarfin da ke tura wutar, wanda ake aunawa da bolt, da yawan wutar da ke gudana a cikin waya, wanda ake aunawa da amfiya. Idan aka ninka bolt da amfiya sai a sami wat, yunit ɗaya kuma shi ne wat 1000 da aka sha na tsawon awa ɗaya.

A farkon shekarun 1880, lokacin da Thomas Edison ya fara sayar da wuta a birnin New York, mitarsa kwalba ce mai ruwan sinadari da ƙarafan zinc a ciki, wutar da ta bi ta ciki tana ɗauke ƙarfe daga wannan ta liƙa wa wancan, sai ma'aikaci ya zo ya cire ƙarfen a kai shi kan sikeli a auna nauyinsa kafin a rubuta wa mutum takardar biya. Mita mai juyawa ta biyo baya, inda Oliver Shallenberger na kamfanin Westinghouse ya ƙera tasa a 1888, Ottó Bláthy kuma ya fito da tasa a Budapest a 1889. Faifan alminiyum da ka saba gani jikan waɗannan ne: naɗin waya biyu ne ke tura shi, ɗaya na bolt ɗaya na amfiya, wani maganaɗisu kuma yana taka masa birki don kada ya wuce ƙima. Idan irin wannan mita ta tsufa, ƙura da gogayya kan sa faifan ya yi nauyi, sai ta riƙa rage lissafi, musamman ga ƙananan kaya. Wannan na daga cikin dalilan da suka sa mutane da yawa ke ganin sabuwar ta fi tsanani.

Sabuwar mita babu abin da ke motsi a cikinta. Wutar gidanka tana bi ta kan wani ɗan guntun ƙarfe da aka san iyakar turjiyarsa, ko kuma ta cikin wata 'yar ƙaramar taransfoma, daga nan ake sanin amfiya. Wutar da muke sha tana kai da komowa sau 50 a kowace daƙiƙa, saboda haka awo ɗaya ba zai wadatar ba. Wata 'yar ƙwaƙwalwar lantarki ce ke ɗibar awon bolt da na amfiya sau dubbai a daƙiƙa guda, tana ninka su, tana tarawa. Mita mai lamba 1 a cikin da'ira a fuskarta an ƙera ta ne da sharaɗin kada kuskurenta ya wuce kashi 1 cikin 100.

Jan hasken nan shi ne faifanka na yanzu, kuma da shi za ka yi bincike. Duba fuskar mitar za ka ga wata lamba, sau da yawa 1000 ko 1600 ko 3200, wadda ke nuna yawan ƙiftawar da ke cika yunit ɗaya. Da farko ka kashe komai ka zare filogin kowane kaya, har da cajar waya da talabijin, ka tsaya minti biyar kana kallo. Idan hasken bai daina ƙiftawa ba, to wuta na zurarewa a wani wuri, ko dai ta wayar da ta ɓare a cikin bango, ko kuma wani ya ja layi daga bayan mitarka, sai ka nemo mai gyara. Idan ya tsaya cik, ka kunna ƙwan fitila irin na da mai wat 100 shi kaɗai, a lokacin da wuta take da cikakken ƙarfi. A mita mai lamba 1000 ya kamata hasken ya ƙifta sau ɗaya a kowace daƙiƙa 36. Kada ka yi gwajin da dutsen guga ko firji, domin su kan ɗauke da kansu su dawo, sai lissafin ya rikice.

Game da raunin wuta, mita ba ta ƙara lissafi don wuta ta yi rauni. Hita mai wat 1000 idan ta sami bolt 190 maimakon 230, kimanin wat 680 kawai za ta ja, sai dai ruwan zai daɗe bai tafasa ba. Injin firji da famfon rijiyar burtsatse kuwa wahala suke sha, su yi zafi, su daɗe suna aiki, wutar da ta tafi a zafin nan kuma duk da gaske aka sha ta. Ka kuma duba rasit ɗinka, domin sau da yawa matsalar tana wajen farashi: a watan Afrilu na 2024 hukumar NERC mai kula da harkar wutar lantarki a Najeriya ta kai kuɗin yunit na masu rukunin A, wato waɗanda aka yi wa alkawarin samun wuta mafi yawan awanni, zuwa naira 225, akwai kuma waɗanda ake cire musu tsohon bashi daga kowane kati. In gwajin ya nuna saɓani mai yawa, ka rubuta koke ga kamfanin da ke ba ku wuta ka riƙe kwafi. Hukumar NEMSA ce ke da alhakin gwada mitoci a Najeriya, tana kuma da tashar gwaji a Kaduna.

Daga wani malamin makaranta a Maraɗi: Idan da mita ake gwada mita, to ta ƙarshen da me ake gwada ta?

Malam, wannan ita ce tambayar da ta haifi wani fannin ilimi sukutum. Kowace na'urar awo ana gwada ta da wadda ta fi ta daidaito, ita ma da wadda ta fi ta, har a kai ga ma'aunan da cibiyoyin awo na ƙasashe ke ajiyewa, su kuma suna kwatanta nasu da juna ta hannun ofishin awo na duniya da ke Sèvres kusa da Paris, wanda yarjejeniyar 1875 ta kafa. A saman wannan silsila yanzu babu wani batir ko guntun waya da aka kulle a akwati. A 1962 Brian Josephson, yana ɗalibi a Cambridge, ya yi hasashen cewa wata mahaɗar ƙarafa da aka sanyaya ƙwarai za ta ba da bolt da ya dogara kawai ga saurin kaɗawar igiyar da aka haska mata, abin da agogon atom ke iya ƙirgawa ba tare da kuskuren a zo a gani ba. A 1980 Klaus von Klitzing ya gano irin wannan tsayayyen mizani ga turjiyar wuta, wadda ake aunawa da om, kimanin om 25,813, aka ba shi kyautar Nobel a 1985. Tun ranar 20 ga Mayu, 2019, amfiya ma an ɗaure ma'anarsa ga cajin ƙwayar elektiron guda, ta yadda duk ɗakin binciken da ke da kayan aiki zai iya samar da mizanin da kansa. Raunin da nake gani a ƙasashenmu yana can ƙasan silsilar, inda na'ura kan yi shekara goma tana aiki a asibiti ko masana'anta ba a taɓa kai ta gwaji ba.

Daga wani mai haɗa sola a Sabon Garin Zariya: Na auna wutar da wata inbata ke fitarwa da testa biyu. Tawa ta nuna bolt 181, ta abokina ta nuna 229. Na so in ƙara ƙarfin inbatar, ya hana ni. Wace ce mai gaskiya?

Ɗan'uwa, ka gode wa abokin nan naka, domin ya tsare maka kayan mutane. Ta abokinka ce mai gaskiya, taka kuma ba ta lalace ba, an dai tambaye ta abin da ba a gina ta dominsa ba.

Wutar da ke zuwa daga babban layi tana hawa da sauka ne sumul, kamar igiyar ruwa. Ƙololuwarta takan kai bolt 325, amma ana kiranta 230 saboda zafin da take haifarwa a jikin hita daidai yake da na wutar batir mai bolt 230. Testa mai araha ba ta lissafa wannan zafin. Abin da take yi shi ne ta juyo da rabin igiyar da ke ƙasa ya koma sama, ta ɗauki matsakaici, wanda ke kamawa 207, sannan ta ninka da 1.11 ta nuna maka 230. Wannan dabara tana aiki ne muddin igiyar sumul take. Inbata mai sauƙin kuɗi kuwa wutarta kamar matakalar bene take: ta yi tsalle ta hau, ta tsaya, ta faɗo sifili, ta huta, sannan ta yi haka ta ɗaya ɓangaren. Idan ƙololuwar 325 ce kuma rabin lokaci tana hutu, ainihin ƙarfinta 230 ne, amma matsakaicinta 162 da ɗoriya ne, wanda in an ninka da 1.11 zai ba da kimanin 180, kusan abin da ka gani ke nan. Da ka murɗa inbatar har taka ta nuna 230, da ainihin wutar ta haura bolt 290, sai dai a ji ƙaurin caja da talabijin. Testar abokinka tana ninka kowane awo da kansa, ta ɗauki matsakaici, sannan ta fitar da saiwarsa, wato lambar da in an ninka ta da kanta za ta ba da wannan matsakaicin, kuma za ka ga an rubuta True RMS a jikinta.

Wannan matakala ita ce kuma ke sa fanka gurnani. Joseph Fourier, Bafaranshen da ya wallafa aikinsa kan yaɗuwar zafi a 1822, ya nuna cewa duk igiyar da ke maimaita kanta, komai karkacewarta, haɗakar igiyoyi sumul ce masu saurin kaɗawa daban-daban. A cikin wutar inbatarka, ban da ta 50, akwai ta 150 da ta 250 da na gaba da su, waɗanda ba sa taimaka wa fanka juyawa, sai dai su ɗumama naɗin wayarta su sa ta ƙara.

Tunda sana'arka ce, zan ƙara maka abu ɗaya. Testa mai baki kamar ƙaguwa, wadda ake maƙala wa waya, iri biyu ce. Mai taransfoma a ciki ba ta jin wutar batir ko ta faifan sola sam, domin wutar da ke kai da komowa kaɗai take ji. Wadda za ta yi maka aiki ita ce mai sensar Hall, da aka raɗa wa sunan Edwin Hall, wanda ya gano a 1879 cewa maganaɗisu na karkatar da wutar da ke bi ta cikin siririn ƙarfe zuwa gefe guda. Ka riƙa danna maɓallin mayar da ita sifili kafin kowane awo, domin zafi da maganaɗisun ƙasa kan gusar da ita.

Daga wata ma'aikaciyar jinya a Katsina: Na'urar da muke maƙala wa yatsa don auna iskar oksijin wani lokaci takan nuna 95 alhali maras lafiya yana haki, leɓɓansa sun sauya. Na ji an ce ba ta yi wa baƙar fata daidai. Gaskiya ne?

Malama, akwai gaskiya a ciki, kuma wannan ita ce wasiƙar da ta fi tsaya mini a rai. A cikin maƙalin akwai fitilu biyu ƙanana, ɗaya ja mai tsawon igiya nanomita 660, ɗaya kuma mai 940 wanda ido ba ya gani, a ɗaya gefen yatsan kuma akwai sensar da ke auna hasken da ya ratso. Jinin da ya ƙoshi da oksijin yana barin jan haske ya wuce, wanda ya rasa shi kuma yana shanye jan, shi ya sa yake yin duhu. Matsalar ita ce fata da ƙashi da farce su ma suna shan haske. Injiniyan Japan Takuo Aoyagi, na kamfanin Nihon Kohden, shi ya warware wannan a 1972. Yana wani bincike ne kan yawan jinin da zuciya ke turawa, bugun jini yana ta dagula masa awo, sai ya lura cewa wannan kaɗawar da yake ƙoƙarin kawarwa ita ce saƙon, tunda jinin jijiya ne kaɗai ke ƙaruwa da raguwa da kowane bugu, sauran naman yatsa kuwa yana nan yadda yake. Na'urar sai ta ware ɓangaren da ke kaɗawa a kowane haske, ta kwatanta biyun.

Inda gizo ke saƙar shi ne wajen juya wannan kwatanci ya zama lamba. Kamfanoni suna yin haka ne da jadawalin da suka samo ta hanyar rage wa lafiyayyun mutane oksijin a ɗakin gwaji ana ɗibar jininsu, kuma shekara da shekaru akasarin waɗanda aka yi gwajin a kansu farar fata ne. A watan Disamba na 2020 Michael Sjoding da abokan aikinsa na Jami'ar Michigan suka wallafa bincike a mujallar likitanci ta New England. Sun duba marasa lafiyar da na'urar ta nuna musu tsakanin 92 da 96, suka kwatanta da gwajin jini na kai tsaye, sai suka tarar a asibitinsu kashi 11.7 cikin 100 na awon baƙaƙen fata ainihin oksijin ɗin bai kai 88 ba, na fararen fata kuwa kashi 3.6 ne. Ma'ana kuskuren ya ninka fiye da sau uku, kuma ya karkata ne ga ɓangaren da ya fi haɗari, wato nuna lafiya inda babu ita. Abin takaici ne a ce na'urar da ake dogara da ita a asibitocin da kusan kowane majinyaci baƙi ne, ba a gwada ta a kan isassun masu irin fatarsa ba, kuma ina ganin wannan aiki ne da ya kamata asibitocin koyarwa na jami'o'inmu su sa a gaba.

Akwai wasu abubuwan da za ki kiyaye. Yatsa mai sanyi a lokacin hunturu ba ya samun isasshen jini, sai ki murza shi ya yi ɗumi. Jan farce da baƙin lalle suna iya tare haske, sai ki nemi yatsan da babu su. Motsi da hasken rana mai ƙarfi suna rikita awon, don haka ki jira igiyar bugun da ke kan gilashi ta daidaita kafin ki rubuta lamba. Na'urar kason jinin da ke ɗauke da oksijin take nunawa, ba yawan jini ba, saboda haka mai ƙarancin jini sosai zai iya nuna 98. Mafi muni shi ne wanda ya shaƙi hayaƙin janareto ko na gawayi a rufaffen ɗaki: gubar da ke cikin hayaƙin tana kama jini ta ba shi launin da na'urar ke ɗauka oksijin ne, sai ta nuna lamba mai kyau alhali mutum yana bakin mutuwa. Duk lokacin da lamba ta saɓa wa abin da idonki ke gani a jikin majinyaci, ki bi idonki ki kira likita.

Daga wani ɗalibin injiniya ɗan ajin ƙarshe a Bauchi: Na haɗa na'urar ɗaukar bugun zuciya don aikin kammala karatu, amma abin da ke fitowa a kwamfuta kamar haƙoran zarto ne. Na sa rariyar da ke tace hayaniyar wutar bango mai kaɗawa sau 50 a daƙiƙa, wani lokaci ta yi aiki wani lokaci ta ƙi.

Ɗana, kafin komai, ka ciyar da na'urar da batir, ka kuma zare cajar kwamfutar daga bango duk lokacin da wayoyin ke jikin mutum, domin cajar da ta lalace tana iya aika wuta kai tsaye ta ƙirji.

Siginar da zuciya ke aikowa saman fata kimanin kashi ɗaya cikin dubu na bolt ce. Willem Einthoven, wanda ya sami Nobel a 1924, sai da ya gina na'ura mai nauyin ɗaruruwan kilo, majinyaci yana tsoma hannu da ƙafa a bokitan ruwan gishiri, kafin ya iya ganinta da kyau. Jikin mutum kuma yana kwasar wutar wayoyin da ke bango kamar eriya, abin da yake kwasowa kan rinjayi na zuciya nesa ba kusa ba. Maganin farko yana wajen haɗi: ka goge fata da kyau, ka murɗe wayoyin da juna, ka gajarta su, ka yi amfani da amfilifaya mai ƙara bambancin da ke tsakanin wayoyi biyu kawai tana watsar da abin da suka yi tarayya a kai. Abin da aka hana shiga tun daga ƙofa ya fi sauƙi a kan wanda za a tankaɗe daga baya.

Na biyu shi ne saurin ɗibar awo. Ƙa'idar da ake jingina wa Harry Nyquist da Claude Shannon ta ce dole saurin ɗiba ya haura ninki biyu na igiya mafi sauri da ke cikin siginar. Idan kana ɗiba sau 60 a daƙiƙa, hayaniyar 50 za ta ɓad da kama ta fito kamar igiya mai kaɗawa sau 10, daidai tsakiyar inda siginar zuciya take, kamar yadda tayar mota kan bayyana tana juyawa baya a hoton bidiyo. Da zarar hakan ta faru babu lissafin da zai raba su. Ka ɗiba sau 500 a daƙiƙa, ka kuma sa rariyar lantarki mai tare igiyoyi masu sauri kafin wurin ɗibar.

Dalilin da ya sa rariyarka ke aiki yau ta ƙi gobe, ina kyautata zaton, shi ne wutar ɗakin gwajinku ba kullum take kan 50 daidai ba. Ta babban layi takan ɗan gusa, ta janareto kuwa takan yi nisa da 50 gwargwadon nauyin da aka ɗora masa, rariya mai ƙunci kuma sai ta kuskure ta. Ka ɗauki awon daƙiƙa goma ka bi da shi ta lissafin Fourier mai sauri, wanda James Cooley da John Tukey suka wallafa a 1965, za ka ga ainihin inda hayaniyar ta tsaya da 'ya'yanta, wato igiyoyin da ke ninka saurinta. Daga nan ka karanta aikin Bernard Widrow na Jami'ar Stanford, wanda shi da ɗalibinsa Ted Hoff suka fito da rariya mai gyara kanta a 1960, a 1975 kuma shi da abokan aikinsa suka nuna yadda take cire hayaniyar wutar bango daga awon zuciya. Ana ba ta samfurin hayaniyar ta wata waya dabam, ita kuma tana bin sawunta duk inda ta gusa tana debewa. Layukan lissafinta ba su da yawa, ƙaramin allon lantarki na Arduino ma zai ɗauka. Idan ka auna yadda rariyar biyu ke aiki a kan wutar layi, da ta janareto, da ta inbata, ka jera sakamakon da lambobi, ka sami babi mafi ƙarfi a kundinka. Ka aiko mini da hoton igiyar bayan ka gyara, tare da saurin ɗibar da ka yi amfani da shi.